Garin da Mai Ya Ci Sunansa

Tsiren ɗari biyar na saya wurin Tasi'u,
a bakin Ƙofar Na'isa, bayan isha'i.
Ya yago takarda, ya barbaɗa yaji, ya naɗe.
Sai da na cinye, ina neman abin goge hannu,
na ga ashe gari guda na riƙo a tafina.

Shafi na ɗari da sha bakwai na littafin wani,
ƙananan baƙaƙe kamar jerin kiyashi.
Mai ya ci sunan garin, saura harafi biyu,
sai kuma: Girka, bakin teku, kafin Annabi Isa.

Na matsa gindin fitilar mai shayi.

Wai wasu ne suka zo a jirage shida,
ƙannen da gado bai kai kansu ba,
da garwashi a kasko daga murhun iyaye.
Suka ga lungun da iska ba ta dukan ruwa,
suka ce, nan.
Suka ɗaure jirgi, suka dasa zaitun,
itacen da sai jika ke shan inuwarsa.

Sun buga kuɗin azurfa da kifi a jiki.
Sun kai haraji babban birni
shekara da shekaru, ba a taɓa aiko musu ba.
Da yaƙi ya tashi aka ce su kawo jirgi ɗaya.
Sun kawo.
Ba a rubuta ko ya dawo ba.

Ba su haifi sarkin da ya ci duniya ba,
ko mai hikimar da yara ke haddace zancensa.
Gishiri, busasshen kifi, tulunan mai,
da wata mata da ta sa aka sassaƙa a dutse:
mijina ya iya gyaran koma.

Kuma ba takobi ne ya ci garin ba.
Wani ɗan rafi ne da ba a kula da shi,
kowace damina ya kawo laka cikin cokali
ya juye a bakin mashigi.
Kaka ya ɗaure jirgi a ƙofar gida,
ɗa sai ya yi tattaki kafin ya taka ruwa,
jika ya shuka albasa inda ƙugiya ta kwana.
Sauro ya gaji fadamar. Mutane suka fara
A nan takardar ta yage.

Ni ban taɓa ganin teku ba, iyakata Tiga.
Amma na san kududdufin bayan gidanmu a Yakasai,
inda ni da Sammani muka koyi iyo a sace,
inda agwagin Baba Tabawa ke kwana.
Babu ranar da aka ce yau za a kashe shi.
Toka ce, kwando ɗaya. Leda. Ɓaraguzan wani.
Yau shagon cajin waya ne a tsakiyar ruwan,
na nuna wa ɗana, ya dube ni
kamar na ce da can raƙumi yana tashi sama.

Na koma wurin Tasi'u: ina sauran littafin?
Ya yi dariya yana juya tsinke.
Malam, a kilo nake saye,
tun magariba nake rabar da shi.

To, ga shi nan warwatse cikin Kano.
Sunan garin yana Gwammaja, wataƙila,
ƙarshensa na kwance a kwatar Fagge,
wani ya hura gawayi da shekarar da aka kafa shi.

Nawa na ninke, na sa a aljihu.
Da safe Asabe ta ɗaga rigar a gaban baho
ta ce, wannan tabon man fa?
Na ce teku ne, bar shi,
shi ma a hankali zai janye.